Layuka Biyu a Goshin Auta

"Wai ni me na yi miki ne, Auta?"

"Ni? Babu komai, Yaya."

"To saki fuskar mana."

"Wallahi a sake take."

Kuma gaskiyarta. Layuka biyu ne a tsaye tsakanin girar Auta, gadon mahaifinsu, ko dariya take yi suna nan daram. A makarantar firamaren da take koyar da lissafi, da ta leƙo aji yara suke shiga taitayinsu tun ba ta ce uffan ba. Shekararta talatin da ɗaya tana yawo da abinta, ba ta taɓa ba kowa haƙuri a kansu ba.

Yaya ta ajiye kofin shayi ta gyara zama. Ita ta riƙe Auta tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ce uwa ita ce uba. Nas ce a wani asibitin gyaran fata, aikinta kullum yi wa mata allurar da ke sakin tsokar goshi, tamoji ya kwanta.

"Saura sati biyu mahaifiyar saurayin naki, Kafinta, ta zo ganinki," in ji ta. "Matar da ta raini ɗa kurma, ta gama ganin kallon raini iri-iri. Ta shigo ta tarar da wannan goshin naki, me kike so ta ce?"

"Ta ce ga kyakkyawa."

"Cewa za ta yi alfarma kike yi wa ɗanta."

Auta ba ta da tsoro, kowa ya shaida, amma kalmar nan ta soke ta. Alfarma? Ita da ta kwashe shekara biyu tana koyon maganar hannu, yatsunta har ciwo suke, don kawai kada wani ya tsaya tsakaninsu yana fassara? Tun ranar da ya zo gyaran bencina a makarantarsu ta san ta ga miji. Zazzaɓi ne ya tafi da jinsa yana ɗan shekara huɗu, ya bar masa idanu masu ganin har hanjin mutum.

"Shi kansa da su yake tsokanata," ta faɗa a hankali. Ta ɗora yatsu biyu tsakanin girarta ta ja su ƙasa. "Kin ga sunan da ya raɗa min ke nan."

"To kin gani? Minti goma ne, ƙanwata. Ki bar min."

Auta ba ta taɓa iya ce wa Yaya a'a ba.

Washegari da rana ta kwanta a doguwar kujerar asibitin, fitila na haska mata ido. Yaya ta sa safar hannu, ta ɗauko alƙalami.

"Ɓata rai in gani."

"Yau kuma ke ce mai roƙon in ɓata rai?"

"Yi ta ƙarshe dai."

Ta ɗiga mata alama biyar, ta bi su da siririyar allura, kowace kamar cizon cinnaka. Ta danna auduga.

"Kada ki murza wurin, kada ki kwanta sai bayan awa huɗu. Nan da sati zai kama sosai, ya yi wata uku ko huɗu. Kuma ba sai kin gaya wa Kafinta ba... ba komai ake gaya wa namiji ba."

Ya kuwa kama. Kafin sati ya zagayo goshin Auta ya yi sumul kamar na jaririya. Malamai suka yi ta tambayar man da take shafawa. Yaran ajinta kuwa suka samu sake, ta yi niyyar haɗe gira, girar ta ƙi, sai da ta koma buga tebur.

Ranar kwana na goma Kafinta ya turo mata saƙo: "Zo shago in an tashi, ina da abin nuna miki."

Ta same shi garin katako har a gashin ido, babban yatsansa naɗe da bandeji. Yana hango ta ya washe baki, ya ɗaga yatsu biyu zai kira sunanta. Sai hannun ya tsaya a hanya. Ya ƙura mata ido.

"Me ya sami fuskarki?" ya tambaya da hannu.

Kunya ta kama ta. Ta yaya za ta ce masa ta je an yi mata allura don ta burge uwarsa?

"Hutu ne kawai," ta amsa. "Da sabon mai."

Ya ja ta zuwa lungun shagon, ya yaye wani zane. Madubin kwalliya ne mai aljihu shida, an goge shi har yana ɗaukar ido, an sassaƙa ƙananan ganye a kewayen gilashin. Wata biyu yana yinsa a ɓoye.

Zuciyar Auta kamar ta faso ƙirji don murna. Da a da ne, da girarta ta kai tsakiyar kai.

"Ya yi kyau, masoyi... ya yi kyau ƙwarai."

"Da gaske?"

"Da gaske mana."

Ya nuna mata yatsan. "Wajen ganyen ƙarshe na yanke. Ɗinki huɗu."

Hankalinta ya tashi. Ta yi masa sannu har sau uku. Amma shi ba ya jin rawar da muryarta ke yi, goshi kawai yake kallo, goshin kuwa ko gezau. Ya ɗauki zanen ya mayar ya rufe madubin, ya ce aiki ya yi masa yawa yau.

Tana isa gida saƙonsa ya shigo.

"Murmushin da kika yi min yau na san shi. Shi mutane suke min idan sun gaji da ni suna jin nauyin faɗa. Ba zan riƙe ki ba. Na ce wa Mama ta fasa zuwa."

Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa. Ta tura masa saƙo bakwai, ko ɗaya bai buɗe ba. Ta je shago sau biyu ta tarar da kwaɗo. Ta tsaya gaban madubin banɗaki tana kuka, hawaye na zuba, fuskar da ke kallonta kuwa kamar ta wadda ke jiran mota.

Ranar Asabar da hantsi suna zaune ita da Yaya aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata dattijuwa ce siririya da jaka a hammata, ba ta jira an yi mata iso ba.

"Ni ce uwar Kafinta. Ya ce in fasa, ni kuma na riga na ɗinka kaya. Wace ce a cikinku?"

"Ni ce, Mama. Sannu da zuwa."

Dattijuwar ta zauna, ta sa tabarau, ta dube ta sama da ƙasa.

"Anya? Ya ce min ko cikin mata ɗari zan gane ki." Ta ɗora yatsu biyu tsakanin girarta ta ja ƙasa. "Ina suke?"

Yaya, da ke shigowa da ruwa, ta yi turus.

Auta ba ta ɓoye komai ba. Ta faɗi allurar, ta faɗi dalili, har ƙaryar sabon mai. Mama ta saurara, sannan ta girgiza kai tana 'yar dariyar takaici.

"Kai, yaran zamani. 'Yata, kin san me ya sa ya raɗa miki wannan sunan?"

"Tsokana ce, Mama."

"Tsokana? Tun yana ƙarami kowa murmushi yake masa. Ya yi daidai, murmushi. Ya yi ɓarna, murmushi, ai kurma ne, a ƙyale shi. Ranar da ya dawo daga makarantarku ya zo min yana tsalle kamar ya ci kyauta. Wai wata malama ta ɓata rai da shi, ta nuna masa ƙafar bencin da ya bari a karkace, ta sa shi ya sake. Ya ce, 'Mama, yau an yi min faɗa kamar kowa.' Ke muryar mutum kike ji ki san ransa. Shi goshinki ne muryarki. Kin je masa ba murya, kuma kika haɗa da ƙarya."

Yaya ta ajiye tiren, ta durƙusa gefen kujera, idonta ya ciko.

"Mama, laifina ne. Ni na matsa mata. Gyara na so yi."

"Na sani. Gyaran gangar auzinawa dai." Ta dafa kafaɗarta. "Tashi, uwa ce ke, uwa kuma takan yi irin wannan."

Auta ta juya. "Yaya, akwai allurar da ke mayarwa?"

"Babu, ƙanwata... sai ta sake ki da kanta."

"Wata nawa kika ce?"

"Uku ko huɗu."

"To ba ni jakarki."

Ta zazzage ta a kan kujera, ta tsinci jagira, ta yafa mayafi. Mama ta ce yana shago tun safe, ya kulle kansa ta ciki, amma tagar baya ba ta da sakata. Auta ba ta tsaya tambayar yadda aka yi ta sani ba.

Tana isa shagon ta zagaya ta tura tagar. Yana zaune ya ba ta baya, yana goge wani katakon da ba ya buƙatar guga. Ta ɗauki guntun katako ta jefa, ya faɗa kusa da ƙafarsa. Ya waiwayo.

"Buɗe ƙofa," ta ce da hannu.

Ya kau da kai.

Ta sake jefa wani, wannan karon a kafaɗa. Ya buɗe.

Ta wuce kai tsaye lungun, ta yaye zanen, ta zauna gaban madubinta. Ta zare jagirar ta ja baƙaƙen layuka biyu, manya-manya, tsakanin girarta. Sannan ta juyo.

"Ka gan su? To fushi nake yi."

Ya tsaya baki buɗe.

"Allura aka yi min don in burge Mama. Ta kwantar da tsokar wurin, ba ta motsi. Na ji kunya na yi maka ƙarya, wannan laifina ne, ka yafe min. Amma kai kuma, shekara biyu ina karya yatsuna dominka, rana ɗaya ka yanke hukunci ka kulle ƙofa? Ko saƙona ba ka buɗe ba?"

Ba ta yi kuskuren kalma ko ɗaya ba. Ya dubi layukan, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya karkace wajen hanci. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Dariya yake yi, hawaye na bin garin katakon da ke kumatunsa.

"A karkace suke," ya ce.

"Ka iya gani, ai kai ne gwanin karkatacce."

"Za su dawo? Na gaskiyar?"

"Nan da wata huɗu. Kafin nan, in na ce maka ina murna ka yarda, in na ce ina fushi ka yarda. Ka taɓa kama ni da ƙarya ban da wannan?"

"A'a."

"To ka riƙa amfani da waɗannan na aron tukuna."

Ya share fuska da bayan hannu, ya yi ɗan tunani.

"A sa ranar aure nan da wata biyar. Ina so in ji amsarki da kyau."

Haka aka yi. Yaya ce ta riƙa duba goshin duk sati, ita da sana'arta kwantar da tamoji ta koma addu'ar ya tashi. Yaran aji ne suka fara ba da labari, ranar da suka sake yin tsit tun malama na bakin ƙofa.

Ranar aurensu ango ya makara da minti arba'in, wai ya tsaya ƙara wa madubi fenti. Ya shigo da sauri, sabuwar riga, ɗigon fenti a hannun rigar. Amarya ta ɗago ta dube shi, ta haɗe girar sama da ta ƙasa, layukan nan biyu suka miƙe tsaf a gaban jama'a.

Mai ɗaukar hoto ya ce, "Amarya, ɗan saki fuska mana."

"Ƙyale ta," in ji Yaya. "Ɗauka a haka."

Kafinta ya dafe ƙirji da hannu ɗaya. Da ɗayan ya ɗaga yatsu biyu, ya ja su a hankali tsakanin girarsa har ƙasa.

"Yanzu na ji ki," ya ce.