Farin Gurbi a Baranda

"Ka yanke ni, Damián! Dubi idona ka faɗa min, ka yanke ni ko ba ka yanke ni ba?"

Haka Rocío ta ɗaga murya a tsakiyar titin garin kaboyi, ranar Talata da hantsi, tun motocin baƙi ba su fara isowa ba. Ni kuwa ina ɗakin kayan 'yan wasa ina guga, sai na ajiye dutsen na matso jikin taga. Ba gulma ba ce, iska nake sha.

To, gara in faɗi gaskiya tun da wuri: ni Encarna, ni na kunna wutar nan.

Damián mai zane ne, ɗan Granada. Ya zo da bazara zai yi sati biyu yana zana tsofaffin gine-ginen katakon da aka yi finafinai a ciki, sai ya ga yarinyar da ke sayar da tikiti a bakin ƙofa. Sati biyu suka zama wata biyar.

Ita kuma Rocío jikar Eulogio ce, wanda a ƙuruciyarsa aikinsa faɗowa daga saman rufi in an harbe shi a fim. Sau arba'in da uku ya mutu, in ji shi. Yanzu ƙafa ta ƙi, kuma duk duniya ita kaɗai ta rage masa. Ita ke dafa masa, ita ke shafa masa magani, ita ke tura shi a keken guragu.

Da aka ba Damián aikin koyarwa a Granada ya ce ta biyo shi, ta ce, "Kakana fa? In bar wa wa?" Ya yi shiru. Shirun nan ya yi kwana shida yana cin ta.

Ana cikin haka yake babban zanen da ya sa mu duka a ciki. Rocío safiya uku tana tsayuwa a barandar otal ɗin katako, rana na dukanta, yana kallonta yana jiƙa buroshi.

Ranar Litinin ya manta jakar zanensa a ɗakina. Ban buɗe ba, kusan da kanta ta buɗe.

Kowa na ciki! Ga Eulogio a kekensa da hular kaboyi, ga masu dawakai, har karen mai gadi. Amma a baranda, inda yarinyar nan ta sha rana... fari fat. Takarda zalla, ko ɗigon fenti babu.

Mu mutanen Tabernas mun san wannan. Muna 'yan mata a ɗaura mana gyale, mu wuni a rana ana ɗaukarmu, bayan shekara a kwashi dangi a mota zuwa silima a Almería, a zauna har fim ya ƙare ba ka ga kanka ba. An yanke ka. Ni nan jakina ya fito, ni ban fito ba! Wanda aka yanke, an gama da shi ke nan.

Mutum ɗaya na faɗa wa, Pura mai burodi, na ce kada ta faɗa wa kowa. Kafin la'asar labari ya iso ga Rocío.

"Wa ya ce miki na yanke ki?" Damián ya tambaya, buroshi a bayan kunne.

"Duk gari ya sani! In tafiya za ka yi ka tafi, amma ka faɗa min da bakinka, ba a takarda ba..."

"Rocío, raina, saurare ni..."

"Kada ka ce min ranka!"

Sai ga ƙarar keke a kan tsakuwa. Eulogio ne, da kansa ya turo daga inuwar barga, yana haki.

"'Yata," ya ce, "bi shi."

"Kaka!"

"Na ce bi shi. Akwai gidan tsofaffi a Almería, an ce har da talabijin. Mutumin da ya mutu sau arba'in da uku, na arba'in da huɗu ne zai ba shi tsoro?"

Ta durƙusa ta rungume gwiwoyinsa tana kuka. "Ba inda za ni! Ko zai yanke ni sau dubu, ba inda za ni..."

Ni ma sai da na share ido da rigar shugaban 'yan sanda da nake gogewa.

Damián ya shigo ɗakina ya ɗauki jakarsa, ya yi min wani kallo, na ce, "Ni guga nake." Ya fita ya shimfiɗa takardar a bakin kwamin shan ruwan dawakai.

"Don Eulogio, a fentin ruwa ba na shafa fari," ya ce. "Abin da kake so ya fi komai haske, shi kake kewayewa ka bar shi. Shi na fara warewa tun kafin in taɓa sararin sama."

Ya tsoma buroshi a ruwa. Ya ɗan ja baƙi, ga gashi. Ya ɗiga ja-ja, ga fuska. Ya ja siraran inuwa uku zuwa ƙasa, sai farin nan ya tashi ya zama doguwar riga mai jan ƙasa, da mayafi.

Rocío ta toshe baki da hannu biyu.

"Rigar... rigar amarya ce?"

"Ranar Asabar na so in nuna miki, a gaban kakanki, kamar mutumin kirki. Amma garin nan ba a barin fenti ya bushe." Ya sake kallon tagata. "Granada kuwa tun Juma'a na rubuta musu ba na zuwa. Allunan garin nan duk sun koɗe, an ba ni aikin sabunta su."

"Kwana shida ka bar ni ina..." Ta kai masa duka a ƙirji, sannan ta kifa kai a wurin da ta doka. "Mugu! Masoyina, mugu!"

"Kin yarda?"

"Tambayi Kaka."

Eulogio ya cire hula ya fyace hanci a ciki. "Ɗauki, yaro. Amma da ni a cikin kayan, da kekena."

Wata ajiyar zuciya da na sauke, sai da labule ya motsa.

An ɗaura aure a watan Oktoba, a cocin gaske, ba na katako ba. Zanen yana rataye a falonsu. Ranar da na je ganin ɗaki na sa tabarau na duba shi da kyau, sai na ga abin da babu shi a da: a tagar ɗakin kaya, bayan labule, ga ido ɗaya da dogon hanci.

"Wace ce wannan mummunar?" na ce.

"Doña Encarna," in ji Damián, "ke kam ba mai iya yanke ki."

Shekara sittin ina jiran in fito. Hancin dai ya ƙara masa tsawo, amma na yafe.