Hular da Ta Ƙi Sauka

"Asa, mayar da hularka! Don Allah mayar!"

Da raɗa na faɗa, amma aikin gama ya riga ya gama. Asa na tsaye a ƙofar gidanmu cikin shuɗiyar rigarsa ta soja, takobi a ƙugu, ya cire hula ya rusuna wa Baba har ƙasa.

Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Samari, ni ba sarki ba ne. Sunana Jabez."

Mu 'yan ɗarikar Kiristoci ta Kwaka a Pennsylvania kowa da sunansa muke kiransa, kuma ba ma cire wa ɗan Adam hula, ko sarkin Ingila ne, Allah kaɗai ake cire wa. Makami kuwa ko taɓa shi ba ma yi. Ga Asa ya zo neman aurena ya haɗa laifin biyu a faranti ɗaya!

"Hannun da ya riƙe bindiga ba zai riƙe hannun Keziah ba," in ji Baba, ya ja ƙofa.

Ta taga na hango Dorcas, 'yar kawuna, tana danne dariya. Tun ranar yaƙin Brandywine, lokacin da ake gwabzawar ƙwatar 'yancin ƙasarmu daga Ingilawa, da ɗakin ibadarmu ya cika da masu rauni muka yi jinyar Asa tare, idonta ke kansa.

Da yamma na same shi a bakin rijiya, ya yi tagumi.

"Wa ya ce ka zo da takobi?"

"Dorcas... Ta ce tsofaffi na son ladabi da kwarjini."

Ina hawaye dariya ta ƙwace mini.

"Ka tsira a Brandywine, ka sha sanyin Valley Forge ba takalmi, ka ga Ingilawa sun miƙa wuya a Yorktown, amma Dorcas ta ci ka da yaƙi ba harsashi ko ɗaya!"

"Ki yi dariyarki, hasken idona. Ni dai ba inda za ni."

Bai kuwa tafi ba. Ya rataye takobin, ya nemi aikin tsinkar tuffa a gonarmu. Baba ya ce aiki dai akwai, aure ne babu. Ni kam raina fes, ina kai musu burodi da madara, ina satar kallonsa ta ƙasan ido. Son Asa ya riga ya yi mini kamun da ba saki.

Dorcas ba ta haƙura ba. Da ta ji Kanar Ezra Whitcomb, kwamandan su Asa, zai ratsa ta garinmu, har bakin hanya ta je ta gayyato shi gona.

"Soja ai soja ne, Baba," ta ce. "Bari ya ga maigidansa, ka sha kallo."



Kanar ya iso bisa doki, maɓallan rigarsa na walƙiya. Ma'aikatan gonar duk suka sauke huluna. Na ga hannun Asa ya ɗago da kansa, ya doshi goshi.

Na runtse ido.

Da na buɗe, hular na nan daram. Hannun ya miƙa wa Kanar.

"Sannu da zuwa, Ezra."

"Ezra?!" Kanar ya zaro ido. "Kai Saje! A yaƙin Monmouth ka goya ni a bayanka cikin wannan baƙar rana, yau hula ce ta fi ƙarfinka?"

"In ka sake faɗuwa zan sake goya ka. Amma ai don kada mu ƙara rusuna wa kowa muka yi yaƙin nan, ko ba haka ka riƙa gaya mana ba?"



Can Kanar ya ƙyalƙyale da dariya har dokinsa ya zabura. Ya diro ya rungume shi.

"Ɗan banza! Da maganata ka kashe bakina."

Dorcas ta sulale ta bayan itatuwa, ko kwandonta ba ta ɗauka ba.

Baba ya daɗe yana shafa gemu.

"Yaƙinku dai har gobe ban yarda da shi ba, Asa."

"Na sani, Jabez."

Wani murmushi ya suɓuce wa Baba, karo na farko da na ga haƙoransa a gaban Asa.

"Keziah, ƙara kujera a teburin abinci."

Ba a sha da sauƙi wajen dattawan jama'armu ba, amma Baba ya tsaya kai da fata. Bayan girbi muka miƙe a ɗakin ibadar nan da na taɓa wanke masa rauni, kowa ya yi shiru yadda muka saba, Asa ya kama hannuna muka yi wa juna alkawarin aure.

Shekaru sun ja, jikoki sun cika mana gida. Har yau in na shigo ɗaki, tsohon nan sai ya leƙa ya tabbata ba kowa, ya ɗan ɗaga hularsa.

"Asa! Allah kaɗai fa ake cire wa."

"Godiya nake yi masa, Keziah. Ba shi ya ba ni ke ba?"