Kitson Amarya

"Yumma, ki bar ni in gaya wa Wa'il gaskiya!" Mayada ta ce wa mahaifiyarta.

"Ki gaya masa me? Saura kwana tara biki, ya bitti, 'yata. Ki rufa mana asiri."

Sau biyu ke nan ana ɗura wa Mayada jan maganin nan na ciwon daji, wanda a asibitin Khartoum suke kira kimawi. Ja wur yake kamar zoɓo, yana shiga jijiya abinci ya fita ranta. Duk unguwarsu ta Dar Salam a Omdurman babu wanda ya sani sai ita da mahaifiyarta, Laraba, mace mai tsoron bakin mutane fiye da tsoron cuta.

Laraba ta shirya wa komai amsa. Rama? Ai zumuɗin aure ne. Amai? Zafin Omdurman. Abu ɗaya ta manta: a danginsu Wa'il, gwaggon ango ce ke yi wa amarya kitso.

Gwaggo Khadiga ta zo da safe da guɗarta, ta zame mayafin Mayada, ta sa mataji ta ja sau ɗaya. Gashin ya biyo hannunta, dam guda.

Guɗar ta tsaya. Kafin azahar labari ya kai Bahri, gidan su ango.

Ranar ɗuri na uku, ana gab da biki, sai ga Wa'il a asibiti, idanunsa sun yi ja. Ya zauna ya kama hannun da babu allura.

"Habibti... me ya sa kika ɓoye min? Gashi ne fa kawai! Zai fito."

Zuciyarta ta yi sanyi, har ta fara kuka. Tana son sa, so mai tsanani, shi ya sa ta kasa yi masa ƙarya ta biyu.

"Zai fito. Amma likita ya ce wataƙila ba zan taɓa haihuwa ba."

Wa'il shi kaɗai ne ɗa namiji a gidansu. Bai saki hannunta ba. Jan ruwan ya ci gaba da ɗiga.

Ma'aikaciyar jinya ta zo da takarda tana neman mai sa hannu. Ta dube shi.

"Kai ne mijinta?"

Mayada ta zuba masa ido, ko numfashi ba ta yi.

Ya sunkuyar da kai.

"A'a... ɗan unguwarsu ne ni."