Yatsu a Ɗakin Wanke Hoto

Tsohon Direba bai ɗauki masu hoton waya a bakin komai ba, balle mijin 'yarsa. "Kowane sakarai ya iya latsa gilashi," in ji shi. Shi da fim yake ɗaukar hotonsa, ya wanke abinsa a ɗan sito da ya toshe tagarsa da bargo.

Fim ɗaya ya rage masa mai hotunan marigayiya matarsa. Ran nan bayan isha'i ya shiga ya kashe fitila, don ƙyallin haske kaɗan ya isa ya ƙone fim. Yana naɗe shi da laluben hannu, sai fim ɗin ya cije.

Sai ya ji numfashi a kafaɗarsa, ya ɗauka mijin 'yarsa ne.

"Kai ne? Wa ya gayyato ka? Tsaya can, kada ka taɓa min komai."

Wasu yatsu suka biyo bayan hannunsa, a jiƙe, sanyi ƙalau. Suka warware fim ɗin, suka ci gaba da naɗi ba gargada. Warin maganin wankin hoto ya ɓace, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Tsoho ya taɓe baki. "Ashe har irinka ana koyo."

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa daga waje.

"Baba, kuna ciki? Na kawo muku shayi. In kunna muku fitila?"

Muryar mijin 'yarsa ce.

Yatsun ba su daina naɗi ba.

"Kada ka kunna," in ji tsoho.