Abin da Talabijin Ya Naɗa Ranar Alhamis

Ranar wata Talata da hantsi ta shigo shagon. Armiya'u na durƙushe yana warware igiyar dish, sai ya ga inuwa ta tsaya a ƙofa. Ya ɗaga kai, ya manta da igiyar.

"Sannu da aiki. Nan ne ake sayar da talabijin mai ajiye shiri?"

"Nan ne, Hajiya. Ko babu ma, yau sai an ƙera."

Ta ja mayafi ta rufe murmushinta. Sunanta Rahina, daga Zurmi ta zo Ƙaura Namoda. Mahaifinta Alhaji Jaji fataucin shanu yake yi, kuma duk duniya ba abin da yake so kamar kallon dambe. Sai dai tashar da ke nuna damben kai tsaye, ranar Alhamis bayan la'asar take nunawa, daidai lokacin da yake kan hanyar dawowa daga kasuwar Shinkafi.

"Duk Alhamis sai Baffa ya dawo yana faɗa da kowa, kamar mu munka sa ranar kasuwa," ta ce. Ta nuna wani ƙaton talabijin a bango. "An ce wancan yana maido da shirin da ya wuce."

"Yana maidowa, in akwai intanet. Yaya sabis yake a gidanku?"

"Sai ka hau katanga."

"To Baffa zai hau katanga da inci hamsin da biyar a ka?"

Dariya ta kuɓuce mata. Ya sauko da wani mai inci talatin da biyu, ya juya bayansa, ya nuna mata ramin filas, ɗan abin da ake ajiye bidiyo a ciki. Ya ce wannan ba ruwansa da data: a saka masa rana da lokaci, shi da kansa zai naɗi shirin cikin filas ko ba kowa a ɗakin. Kuma ba ya shan batirin sola.

"Kai wane irin ɗan kasuwa ne, kana hana ni sayen mai tsada?"

"Irin wanda ke so a dawo."

Shi ya kai talabijin ɗin Zurmi, ya kafa dish, ya saita naɗin kowace Alhamis daga huɗu zuwa shida. Alhamis ta farko Alhaji Jaji ya dawo a gajiye, ya tarar da dambensa na jiransa. Ya yi ta sa wa yaron albarka. Daga nan rimot ɗin gidan ya fara lalacewa duk mako, kuma Rahina ce ke gano lalacewar.

Ta rubuto: "Mai talabijin, rimot ya sake ƙi."

Ya amsa: "'Yar Baffa, ki juya batirin yadda kika same shi. Ko bai lalace ba zan zo."

"Ashe ka gane."

"Tun ranar farko, hasken idona."

Da magana ta yi ƙarfi, kawunsa mai shagon ya je neman iznin zance. Alhaji Jaji ya sa aka bincika asali, abin da ya ji kuma bai yi masa daɗi ba. Armiya'u ɗan marigayi Sanda mahauci ne. Tun yana aji biyu na sakandare ya bar makaranta ya ɗaura zaren dambe a hannun hagu, ya yi shekara biyar yana dambe kafin kawun ya janyo shi shago.

"Ina kallon dambe, amma ba ni shigo da shi gidana," in ji Alhaji. "Mu masu kiwon saniya ne, su masu yanka ta. Ɗiyata ba ta zama da mai saurin hannu."

Akwai kuma Sagir, ɗan abokin cinikin Alhaji, wanda ya daɗe yana kawo turare ana mayar masa. Da ya ji labari sai ya ƙara yawan zama a zauren gidan.

Rahina ta yi kuka ta share hawaye, ta kira Armiya'u. "Ka yi mini alkawari ba ka ƙara ɗaura zare. Sauran ka bar ni da Baffa."

"Na yi, wallahi."

Wata biyu yana riƙe da alkawarin. Sai wata Alhamis aka yi babban wasa a gidan damben Ƙaura, ya ce bari ya leƙa daga baya, kallo kawai. Makaɗi ya hango shi. Kalangu ya juya, ya shiga kirarin Sanda, yana tambaya ko gidan Sanda ya mutu ne, ko bahagon da ya bari ya koma sayar da madubi. Wani ƙato na tsakiyar fili ya nuna shi da hannu ya tofar da yawu. Armiya'u bai san lokacin da ya tuɓe riga ba.

A turmin farko ƙaton ya fasa masa gira, jini ya rufe masa ido. A na biyu ya ji haƙorinsa ya motsa. A na uku ya sunkuya, ya zuba hagu a muƙamuƙi, mutumin ya tafi ƙasa kamar buhun gero. Sai da ƙura ta lafa ya ga masu ɗaukar hoto a gefen fili, da tambarin tashar a jikin kyamara. Wannan makon Ƙaura suka zo. Shi kuwa da hannunsa ya saita talabijin ɗin Zurmi.

Ya rubuta mata: "'Yar Baffa, na yi kuskure. Don Allah ki share naɗin yau kafin Baffa ya dawo."

Amsa ta zo: "Na gani da idona. Na share. Kai ma ka share lambata."

Bai san cewa a wannan sa'ar Baffa na kwance cikin jini a hanyar Shinkafi ba. 'Yan bindiga sun tare motarsu da ƙarfe biyar. Sun harbe Amadu direba a kan sitiyari, sun sari Alhaji Jaji a kafaɗa, sun bar shi a kwalbati suna zaton ya cika. Matafiya ne suka tsince shi da sauran rai, aka yi masa ɗinki aka kai shi gida.

Washegari da safe Armiya'u ya ji labari, ya hau babur sai Zurmi. Ƙofar gidan cike take da masu jaje. Bai gama kafe babur ba Sagir ya miƙe yana nuna shi.

"Ga shi nan. Wanga shi ne infoman 'yan bindiga. Shi ya san duk Alhamis Baffa na hanya, har a talabijin ya rubuta. Jiya ina motar baya, da idona na gan shi kan babur tare da su. Ku dubi fuskarsa, dutsen da wani fasinja ya jefe shi da shi ne."

A ƙasar da kowa ya binne wani nasa, kalmar infoma ba ta jiran alƙali. Gora ta farko ta same shi a ƙeya. Ya faɗi, ya tashi, wata ta sauka a haƙarƙari, ya ji ƙashi ya amsa. Ya ce yana gidan dambe a Ƙaura, aka ce 'yan dambe ai ƙarya sana'arsu ce. Girar jiya ta sake fashewa. Ƙanin Amadu direba ya shaƙe shi yana kuka, yana dukan bakinsa. Hannun hagun Armiya'u ya dunƙule da kansa. Ya san naushi ɗaya zai kwantar da yaron, na biyu ya buɗe masa hanya. Amma nan ƙofar gidan su Rahina ce. Ya tura hannun cikin aljihu, ya bar shi can.

Suka ɗaure shi da igiyar shanu a jikin dalbejiya. Wani ya zaro adda. Armiya'u ya tuna shaidar da zai iya kawowa guda ɗaya ce, kuma da bakinsa ya ce a share ta. Ya fara kalmar shahada.

"Ku dakata."

Rahina ce, ba takalmi, rungume da talabijin inci talatin da biyu, ƙanwarta Sa'ida na biye da ita tana jan batirin sola. Ta dire shi a bakin zaure, gaban tabarmar da aka fito da Alhaji Jaji kafaɗarsa a naɗe.

"Koma ciki, Rahina," in ji Sagir.

"Ba da kai nike ba. Baffa, ka ga dambenka na jiya, sannan su yanka shi."

Ta danna rimot. Ga rana da lokaci a kusurwar allo, ga rubutun kai tsaye, ga mai gabatarwa yana cewa yau Alhamis suna Ƙaura Namoda. Ƙarfe biyar saura minti uku Armiya'u ya tuɓe riga. Biyar da minti huɗu naushi ya fasa masa gira, daidai wurin da yanzu ke zubar da jini. Mai adda ya sauke hannu a hankali.

Alhaji ya ce, "Maido baya." Ta maido. Ya sake kallon hagun da ta kayar da ƙaton. Ya daɗe yana duban yaron da ke ɗaure, sannan ya juya.

"Sagir, kai da wane ido ka gan shi?"

Sagir ya fara ja da baya. Gorori suka juya kansa, har ɗaya ta sauka, Alhaji ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Jinin jiya ya isa. Ku kai shi ga hukuma, ya faɗi can abin da ya sa ya so a kashe ɗan mutane."

Aka kwance Armiya'u. Ƙanin Amadu ya durƙusa gabansa, Armiya'u ya dafa kansa ya yi masa gaisuwar rashi.

Alhaji ya kira shi kusa. "Hannun da na gani yanzu, mi ya hana shi fita sa'ad da suke dukanka?"

"Ƙofar gidanka ce, Baffa."

Tsohon ya dubi hannun. "Na ce ba ni ba da ɗiyata ga mai saurin hannu. Ashe ban san hannun ba."

Armiya'u na gadon asibiti saƙon Rahina ya shigo: "Har yanzu fushi nike da kai."

"Kin ce kin share."

"Na ajiye ne don in riƙa nuna maka duk ranar da ka ce mini wallahi."

"Ki nuna mini har tsufa, hasken idona. Zare kam na ƙona shi."

"Sha maganinka, mai talabijin."

Bayan girbin gero, da aka yi sadakar arba'in ɗin Amadu, aka ɗaura auren a Zurmi, Fulani da mahauta a tabarma ɗaya. Alhaji Jaji ya ce cikin kayan ɗakin amarya dole a sa talabijin, kuma ango ne zai zaɓa. Ya zaɓi inci talatin da biyu mai ramin filas. Tsohon filas ɗin dai Baffa ya ƙi bayarwa. Duk baƙon da ya zo sai ya zaunar da shi ya ce, "Tsaya ka ga hagun surukina."

Ranar kai amarya Alhaji Jaji ya riƙe hannun ɗiyarsa ya sa cikin wannan hagun.

"Ga amana. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ƙasarmu, ya sa ku ga jikokinku."

Jama'a suka shafa. Armiya'u ya rufe hannunsa a kan nata, a hankali.