Cin Da Aka Soke Wa Brenna

Ƙanƙara ta kwana tana zuba, gari ya waye fari fat, ga sanyin nan na garinmu mai ratsa riga ya shiga ƙashi, amma Brenna tana waje da shebur tana kwashe ta ƙofar gida tun motar makaranta ba ta fara zagaye ba. Yatsunta sun yi jawur sun ƙage, hancinta na zuba, cikinta babu ko ruwan shayi... Allah sarki marainiya! Tana cikin haka aka ɗaga tagar bene, Gwaggo Rhonda ta leƙo da kofi a hannunta.

"Ke! Ta bayan motar fa, uban wa kika bar wa? Ko so kike Kelsey ta zame ta karye ki ji daɗi?"

"Yi haƙuri Gwaggo, yanzu zan kai wurin."

"Kullum yi haƙuri, yi haƙuri! Ci kamar gara, aiki kamar mai jinya."

Ta ja tagar garam. Brenna ta share hawaye da bayan hannu ta ci gaba da aikinta. Abin da zai ba ka haushi, gidan nan na ubanta ne! Mahaifiyarta ta rasu wurin haihuwarta, mahaifinta Dennis Dolan ya raine ta shi kaɗai, har ciwon zuciya ya ɗauke shi tana shekarar farko a sakandare. Rhonda yayarsa ce ciki ɗaya. Ranar jana'iza ta fi kowa kuka a coci, tana rantsuwa za ta riƙe yarinyar kamar ita ta haife ta. Ba a yi wata ba ta tare a gidan da 'yarta Kelsey, ta ba Kelsey ɗakin Brenna, ita kuwa mai gida aka saukar da ita ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kusa da injin wanki.

Abu ɗaya ne ba su iya raba ta da shi ba, sandarta ta lakros, wasan da ake cafe ƙwallo da sanda mai aljihu a jefa ta raga. A garinmu yaro kan fara riƙe sanda kafin ya iya ɗaura takalmi, kuma rabin sandunan garin nan Dennis ne ya saƙa musu aljihun da ƙwallo ke zama, a garejinsa, bai taɓa karɓar komai ba sai godiya. Ta Brenna ce ta ƙarshe da ya saƙa, a gadon asibiti, da koriyar igiya, hannunsa na rawa. Da ya miƙa mata ya ce, "Ga ta nan 'yar baba, daidai da doka take. In za ki ci, ki ci da gaskiya." Tun daga ranar ba ta yarda kowa ya taɓa ƙullin nan ba. In ta gama bautar gida sai ta zagaya bayan gareji ta yi ta jifan bango da ƙwallo tana cafewa, dama da hagu, wani lokacin tana yi tana kuka, har ya zama duk yankin babu yarinyar da ta kai ta hannu.

To, nan fa ƙiyayyar ta samo asali, domin Kelsey ma tana cikin ƙungiyar makaranta, wuri ɗaya suke bugawa, ajinsu ɗaya na ƙarshe. Kelsey ba laifi ta iya, amma in Brenna na fili ba a ganin kowa. Gwaggo Rhonda kuwa ta ɗauki abin da zafi fiye da 'yarta. Ba wasan da ba ta zuwa, ta kafa kyamara a kan ƙafafunta uku a saman bencin 'yan kallo don ta haɗa hotunan Kelsey ta aika wa jami'o'i, kamar yadda iyaye ke yi a nan. Ita ce kuma mai kawo wa 'yan wasa yankakken lemo lokacin hutun rabin lokaci, shi ya sa take shiga gefen fili ba mai tambayarta. A bainar jama'a sai ka ji tana cewa "'ya'yana biyu", a mota kuwa Brenna ce a baya da jakunkuna a cinya.

Ana gobe wasan ƙarshe na cin kofin yanki, Koci Farrell, mai horar da su, ya kira Brenna gefe ya ce wata mai horarwa daga jami'a za ta zo kallo, gurbi ɗaya ne ya rage mata na karatu kyauta, kuma sunan Brenna ne a bakinta. Kelsey ta jiyo, ta kai wa uwarta da zafinsa. Ranar Gwaggo Rhonda ba ta yi faɗa ba, har nama ta ƙara wa Brenna a faranti. Kaico! Da yarinyar nan ta san abin da ke bayan naman nan da ba ta yi murna ba.

Ranar wasa gari ya yi kyau, rana ta fito, fili a bushe. Kafin a fara, 'yan mata suka yi layi aka duba sandunansu kamar kullum. Madam Odell ce alƙaliya, dattijuwa mai furfura wadda ta busa wa iyayen yaran nan usur tun suna 'yan mata. Dokar kowa ya san ta: a sa ƙwallo a aljihun sanda, dole a hango samanta ya leƙo, in ta nutse, aljihun ya yi zurfi, sandar ta haramta. Ta sa ƙwallo a ta Brenna, ta ɗaga ta duba, ta yi murmushi ta ce, "Saƙar Dennis. Wuce 'yata." Da aka tafi hutu, yara suka jera sandunansu a kan layi yadda suka saba, suka ruga can ƙarshen fili wurin Koci.

Aka dawo wasa ya yi zafi, aka yi kunnen doki, lokaci ya kusa cika. Brenna ta karɓi ƙwallo daga tsakiya, ta wuce ɗaya, ta wuce biyu, ta juya ta watsa ta cikin raga! Benci ya ɗauki ihu, mutane na rungumar waɗanda ba su sani ba. Sai ga mai horar da ɗaya makarantar ya ɗaga hannu yana neman a duba sandar wadda ta ci, domin wata mata ta raɗa masa magana. Brenna ta miƙa sandar tana dariya, me za ta ji tsoro? Madam Odell ta sa ƙwallo... ƙwallo ta nutse, ko alamarta babu. Ta sake sawa, ta sake nutsewa. Dattijuwar ta dubi yarinyar, ta dubi sandar, sannan ta busa usur ta kaɗa hannuwa, ba ci.

"Wallahi Madam ban taɓa ta ba! Babana ne ya saƙa... ke ma kin gani ɗazu!"

"Na gani 'yata. Amma abin da ke hannuna yanzu shi zan hukunta."

Aka ɗauke sandar aka ajiye a teburin alƙalai, aka shiga ƙarin lokaci, jikin yaranmu ya mutu, aka cinye su.

Wayyo, abin da yarinyar nan ta gani bayan nan! Mai horarwar jami'a ta tafi ko sallama babu. A makaranta in ta zauna cin abinci sai a ɗauke faranti a bar mata teburin. Waɗanda ubanta ya saƙa wa sanduna kyauta su ne masu cewa ashe dama haka yake yi, wasu har suka warware saƙarsa suka kai wa wani. Hukumar makaranta ta karɓe sandar, ta cire sunanta daga waɗanda za a karrama. A gida kuwa Gwaggo ta samu abin yi, "Kin zubar mana da mutunci, ɓarauniyar ci! Dama Dennis tun yana yaro ba ya wasa sai da coge, gado kika yi." Kelsey ta ƙara da cewa, "Gwanar bango, a je a ci bango da gaskiya mana." Duk zagin da aka yi mata ta shanye, amma na ubanta ya fi ƙarfinta. Ranar Lahadi bayan coci ta tafi kabarinsa ta durƙusa, ta kifa goshi a kan dutsen tana kuka kamar ranta zai fita. "Baba, sun ce kai macuci ne... ni ban damu da jami'a ba, ban damu da kofi ba. Ya Ubangiji, Kai ka ga hannunsa na rawa yana saƙar nan, Ka wanke shi, ko ni ba a wanke ni ba!"

Ƙarshen kakar wasa aka shirya liyafar karramawa a zauren 'yan kwana-kwana, ranar Lahadi da rana, yadda ake yi duk shekara: a karrama masu horarwa, da alƙalai, da 'yan wasa, a ci taliya da kaza da dankali mai gishiri, a kalli hotunan wasannin shekara a majigi. Koci Farrell ya nemi iyaye su kawo abin da suka ɗauka. Gwaggo Rhonda ce ta fara kaiwa, ta juye masa duk abin da ke kyamararta ba ta ko duba ba, don dai Kelsey ta fi kowa fitowa. Brenna ta ce ba za ta je ba. "Za ki je, ki ɗaura gyale ki raba abinci, ki ga yadda ake karrama 'ya'yan kirki," in ji Gwaggo. Haka ta tsaya bayan tebur da cokali a hannu, kanta a ƙasa, abokan wasanta na miƙo faranti suna kau da kai.

Aka ba Koci Farrell lambarsa, ya karɓa fuska ba walwala. Aka kira Kelsey gwarzuwar shekara, uwarta ta miƙe tana tafi har da guɗa irin tasu. Sannan aka kira Madam Odell, wadda za ta ajiye usur bana, zaure ya miƙe mata. Ta karɓi lambar ta ajiye a kan tebur, ta ce, "Ku zauna, ban ci wannan ba tukuna. Tun ranar wasan ƙarshe ban yi barcin kirki ba. Sandar da na duba da hannuna ta wuce, rana ba ruwa ba laka, ta yaya za ta zurma kafin a tashi? Na roƙi Koci ya bar ni in kalli duk abin da iyaye suka kawo. Koci, kunna mana abin da na gani."

Majigi ya haska. Ga fili lokacin hutu, ba kowa, yara na can nesa, sanduna a jere a kan layi. Mai kyamarar ta sauko ta manta ba ta kashe ba. Sai ga mace da farantin lemo ta shigo cikin hoton, ta waiga dama, ta waiga hagu, ta ajiye faranti, ta tsallake sanduna har ta kai kan mai koriyar igiya. Ta tsuguna ta kwance ƙullin, ta sa dunƙulen hannu ta danna aljihun, ta sake ɗaurewa, ta ɗauki lemonta... ta juyo fuskarta tar a majigi, tana murmushi.

Cokalin hannun Brenna ya faɗi ƙasa.

"Ƙarya ne! Haɗi ne!" Gwaggo Rhonda ta miƙe zumbur. Wani tsoho daga baya ya ce, "Haɗin wa, Rhonda? Kyamararki ce fa!" Kelsey ta dubi uwarta kamar ba ta taɓa ganinta ba. "Mama... kofinmu ne kika zubar? Har da ni a cikin waɗanda suka yi kuka ranar nan!" Ta ɗauki lambarta ta ratsa tebura ta kai gaban Brenna, ta ajiye mata ita, ta fashe da kuka. Nan take shugaban wasannin makarantun yankin ya ce Rhonda ba ta ƙara taka filin wata makaranta a yankin nan, ta fita ana buɗa mata hanya kamar mai cuta. Ba a rufa wata ba dangi suka tashe ta daga gidan Dennis, ta bar garin, kuma Koci da kansa ya kai wa mai horarwar jami'a hoton, gurbin ya dawo hannun mai shi.

Amma ni abin da ba zan manta ba shi ne abin da ya faru kafin a watse. Koci Farrell ya fito da sandar daga bayan mumbari, an mayar da ƙullin kan tsohon sawunsa, inda igiyar ta yi shaida. Madam Odell ta kira Brenna gaba, ta zo da gyalen rabon abinci a jikinta. Dattijuwar ta sa ƙwallo a aljihun, ta ɗaga sama yadda kowa zai gani, ga saman ƙwallo ya leƙo sarai.

"Saƙar Dennis Dolan," ta ce, "daidai da doka take. Kofi ya tafi, ba ni da ikon dawo da shi. Amma akwai hukuncin da yarinyar nan take bina."

Ta ciro usur ɗinta daga wuya, ta busa shi busar ƙarshe a rayuwarta ta alƙalanci, ta ɗaga hannuwanta biyu sama, alamar ci ya tabbata. Zaure ya ɓarke da irin ihun da aka katse ranar nan, manya na kuka ba kunya. Brenna kuwa ba ta ga kowa ba, ta rungume sandar a ƙirjinta ta durƙushe a ƙasa, tana cewa, "Baba ka ji? Da gaskiya muka ci..."