Dutsen Niƙa a Bakin Tafki

A can wani zamani, a wani ƙauye a gindin tsauni, an yi wata mata da dutsen niƙanta ya huje. Sai ta hau tsauni neman wani.

A can sama akwai tafki, tarin duwatsu ya tare bakinsa. Ta taɓa wannan, ta taɓa wancan, har ta sami mai faɗi. Ta ɗaga shi kaɗan, sai ruwa ya fara tsiyaya ta ƙarƙashinsa.

Wani tsoho mai kiwon tumaki ya ce, "Tsaya, 'yata. Kin ga zanen da ke jikinsa? Aikin ƙanƙara ne. Da can ƙasar nan sanyi gare ta, ƙanƙara ta cika kwarin nan. Tana gangarowa tana niƙa tsauni, tana tura duwatsu gaba, kamar yadda kike tura gari bakin dutse. Da duniya ta yi ɗumi ƙanƙarar ta narke, tarin ya riƙe ruwan."

Ta ce, "Baba, ai ɗaya kawai nake so."

Ya ce, "Kowa ma ɗaya yake so."

Ta dubi dutsen, ta dubi ruwan, ta dubi rufin ɗakinta can ƙasa. Sai ta mayar da shi, ta toshe gefensa da tsakuwa. Kwana biyu ta yi tana yawo kafin ta samo wani, bai ma kai shi kyau ba.

Tun daga ranar, in gari ya taru a bakin dutsenta, takan ɗaga kai ta dubi tsauni, ta ci gaba da niƙa tana waƙa.